Kifin Neeltje a Gaban Shugaba

Reinier Oosterveld, shugaban wata ƙungiyar masu zane a garin Haarlem, ya ce shi tun da ya kama buroshi bai taɓa zana abin da ba ya gabansa ba. Komai sai ya jera shi a tebur, ya zauna, rana ɗaya ya gama. Shekara talatin yana faɗin haka, har a 1934 ya mai da shi doka: zanen da aka yi da ka ba ya hawa bangon baje kolinsu.

Neeltje Verhoog ta shigo wurin baje kolin da nata zanen a hammata. Kifi ne mai gishiri, da rabin albasa, da burodi a faranti mai tsaga. Ba ta yi makarantar zane ba. A rumfar kayan lambun uwarta ta koya, a kan takardar naɗe kabeji. Yanzu ita ke zana wa jarida manyan gari da ƙaton hanci. Wuri take so a bangon nan, ko bayan ƙofa ne.

Oosterveld ya sa tabarau, ya cire.

"'Yan mata, ba ke ce mai zanen ban dariya ba?"

"Ni ce, Yallaɓai. Kai ma na zana ka bara. An ce na rage maka tumbi."

Wani a baya ya ƙware da tari.

"Irinku da ka kuke zane," in ji shi. "Wannan kifin ba ki gan shi ba."

"Kwana shida ya yi a teburina. Tambayi matar da nake haya a gidanta, har yau ba ta amsa gaisuwata."

"Kwashi kayanki. In koyo kike so, ga aiki can."

Ya nuna nasa, ƙato, a tsakiyar bango: jajayen furannin tulip a tulu, ga kwano cike da 'ya'yan ceri.

Ta je ta tsaya a gaban zanen, ta daɗe tana kallo.

"Yallaɓai, wannan ma rana ɗaya?"

"Safe zuwa yamma."

"Duk a tebur ɗaya?"

"Da hannuna na jera su."

Ta jingina zanenta a ƙarƙashin nasa, ta kaɗe hannu.

"To ni da kifina ba inda za mu. Furen nan tsakiyar Mayu yake ƙarewa. Ceri kuwa ba ya shigowa kasuwa sai ƙarshen Yuni. Shekara goma ina sayar da shi."