Hasken da Ke Ɗingishi

A gidansu kowa da abin da yake bugawa, ban da Auta. Yaya na waƙa, Kawu na jita, marigayi Baba kuwa da ganga ya ciyar da su duka. Ita kaɗai ce in ana tafi sai nata ya zo daga baya. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wanda ya faɗi haka bai ga Auta ba.

Baba da yatsa yake koyar da kiɗa. Zai tsaya bayan yaro yana ɗan buga masa kafaɗa har bugun ya shiga jikinsa. Ya yi wa Auta haka har ya gaji, rannan ya janye hannunsa ya ce, “Wannan ko a kanta aka ɗora ganga ba za ta ji ba.” Aka yi dariya, ita ma ta taya su. Amma maganar ta tsaya mata a ƙirji, ta girma da ita, har aka binne mai maganar bai janye ta ba.

To, wanda kunne ya ƙi ai yana da ido. Auta ta ga yadda a manyan wasanni ake haska hotuna a bayan mawaƙa, suna motsi tare da kiɗa, ta ce ita ma ga ƙofarta. Ta samo majigi na hannu da 'yar kyamara, ta kulle kanta a ɗaki da kwamfutarta tana haska bango, har ta iya abin da ta iya. Sannan ta tari Yaya.

“Gwaji ɗaya zan ba ki,” in ji shi. “In hotonki ya bi kiɗa, kin shiga ƙungiya. In ya bi tafinki, ki mayar da kayanki ɗaki, kada mu sake wannan maganar.”

Da rana tsaka suka haɗu a zauren da ƙungiyar za ta yi wasanta na gaba. Aka saki labulayen tagogi saboda majigi ba ya shiri da hasken rana. Kujeru na jere a jikin bango, an ɗora wasu kan wasu. Auta ta rataya farin ƙyalle a bayan dandamali, ta kama shi da matsen shanya, ta kafa kyamara daidai hannayen sabon makaɗinsu. Agogo suke ce masa, don bugunsa ba ya gaba ba ya baya, kuma shi ma ya san haka, shi ya sa yake zama kamar an ba shi sarauta.

Abin da take so mai sauƙi ne. Hannayen Agogo su fito manya a kan ƙyallen, duk bugu ɗaya hoton ya kumbura ya yi haske, sannan ya lafa. Hanya biyu ake bi kwamfuta ta san bugun: ko mutum ya riƙa danna maɓalli da yatsa yana bin kiɗan, ko a ba ta makirufo ta saurara da kanta. Ba sai an faɗi wadda Auta ta zaɓa ba.

Sai dai makirufon ya zama ɗan gulma, komai ya ji sai ya kai. Jitar Kawu, muryar Yaya, har kukan fanka. Hoton ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Mai sauti, wanda ke zaune bayan na'urarsa yana kallonta da tausayi, ya ce, “Ƙanwata, sai kin samo masa inda ba zai ji komai ba sai ganga. Ni kam layukana duk sun cika.”

Ta juya tana dube-dube, idonta ya sauka kan gangar Baba. Tun rasuwarsa ƙungiyar ke yawo da ita, duk inda za su yi wasa sai sun ajiye ta a ƙuryar dandamali, ba mai bugawa, ba mai jingina da ita. Auta ta ɗora tafin hannunta a kan fatar, ta ji tana rawa a hankali, tana amsa bugun Agogo daga nesa. A gefenta ga ramin nan da ake zura wa Baba makirufo. Ba ta tambayi kowa ba, don ta san amsar da za a ba ta. Ta zura nata ciki ta koma kujerarta.

Nan take karkarwar ta tsaya. Hannayen Agogo suka cika ƙyallen, suna kumbura suna lafawa, zauren na haske yana duhu tare da ganga. Daɗi ya kama Auta har ta rasa inda za ta sa kanta. Tunda take ba ta taɓa kasancewa cikin kiɗan gidansu ba sai yau.

Daɗin bai je ko'ina ba Yaya ya ɗaga hannu, aka tsaya.

“Auta, kin fara ko? Bugu uku na farko daidai, na huɗun kina makara.”

“Wallahi Yaya ban taɓa komai ba. Ga hannuwana.”

“To na'urarki ma ta gado ki ke nan.”

Agogo ya yi dariya, ya juya sandarsa a yatsu. Aka sake ɗauka daga farko. Wannan karon Auta ta zuba wa ƙyallen ido sosai, ta kuwa gani. Haske, haske, haske, sai ɗan jinkiri kamar mai jan ƙafa, sannan na huɗun ya faɗo. Kowane zagaye haka, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ta duba waya, ta duba saiti, komai lafiya. Gumi ya fara tsattsafo mata duk da fankar da ke kanta.

Kawu ne ya fara sakin jitarsa. Sai Yaya ya yi shiru a tsakiyar baiti. Agogo ya ga an bar shi shi kaɗai, ya ɗora sanduna a cinya ya ce, “Wai me ya faru kuma?”

Zauren ya yi tsit, amma ƙyallen bai tsaya ba. Hannayen Agogo na nan a hoto, a ajiye kan cinya ba sa motsi, hoton kuwa yana ta kumbura yana lafawa. Uku daidai, na huɗu da jan ƙafa.

“Amsa-kuwwa ce,” in ji mai sauti, muryarsa ba ta yarda da shi ba. “Ko fanka.” Ya miƙa hannu ya kashe fankar. Suka tsaya har fukafukanta suka daina juyi, hasken na nan yana aikinsa.

Kawu ya cire hularsa a hankali. Shi ne ya fi kowa daɗewa a bayan Baba a dandamali. “Wannan ɗingishin na san shi,” ya ce. “Haka marigayi yake riƙe na huɗu, ya sa mai rawa ya jira shi. Ba wanda ya iya ɗauka a wurinsa, har ni.” Ya juyo. “'Yar nan, ina kika sa makirufonki?”

Ta nuna ƙuryar da yatsa. Tsigar jikinta ta tashi tun daga wuya har gwiwar hannu.

“Innalillahi,” in ji Yaya. “Cire shi. Yanzu!”

Ta nufi ƙuryar. Ba ta yarda ta taɓa fatar ba, wayar ta kama ta jawo. Makirufon ya fito da ɗumi kamar an daɗe ana riƙe da shi a hannu. Hoton ya tsaya cak. Agogo ya ja kujerarsa ya ƙara nisa da ƙuryar, sarautar duk ta zube.

Yaya ya goge fuska da gefen rigarsa. Mutum ne da in tsoro ya kama shi sai ya koma faɗa. “Wasa ya matso, ba mu da lokacin tsayuwa. Auta, ko ki bi da yatsa, ko ki naɗe ƙyallenki.”

Ta sha jinin jikinta, don ta san abin da yatsanta zai yi, kowa ma ya sani. Ta kalli ƙofa, ta kalli ƙyallen da ta wanke ta goge da hannunta. In ta naɗe shi yau, maganar Baba ta tabbata ke nan har abada. Ta zauna, ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

Agogo ya ɗauka. Ta danna, ta danna, ta danna, duk daidai. Da na huɗun ya zo, yatsanta ya yi abin da ya saba yi tun tana ƙarama: ya jira, sannan ya sauka. Ta runtse ido tana sauraron tsawar Yaya.

Tsawa ba ta zo ba. Jitar Kawu ce ta ji ta karkato ta biyo ta. Zagaye na gaba ma haka. Agogo ya yi ta turjiya, yana son riƙe ƙa'idarsa, amma hasken na dukan idonsa, har hannunsa ya gaji da gardama ya fara jiran na huɗun shi ma. Sai waƙar ta zauna yadda ba ta zauna ba tun ranar da aka ajiye waccan gangar. Yaya na rerawa, bai waiwayo ba, hawaye na bin gemunsa.

A lokacin ne ta ji shi a kafaɗarta ta dama. Ɗan bugu ne mara nauyi, na yatsa ɗaya. Ba ya gabanta, ba ya bayanta, tare suke sauka. Bayanta kuwa bango ne da tarin kujeru, ta sani, ita ta zaɓi wurin. Tsoro ya cika ta, tare da wani daɗi mai ciwo, don shekara da shekaru wannan hannun take jira ya dawo. Ba ta juya ba.

Waƙa ta ƙare. Yaya ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Ranar wasa ki zo da wuri.”

Ta buɗe baki za ta ce to, sai ta ga ƙyallen na ci gaba da haske. Ta dubi hannunta. Yatsan na nan yana dannawa, uku daidai, na huɗu da jan ƙafa, kuma ba ita ke sa shi ba. Ta kai ɗaya hannun za ta riƙe shi.

“A'a, 'yar nan,” in ji Kawu a hankali, hularsa na hannu. “Bar shi. Bai gama koya miki ba.”