Gidan da Badamagare Ya Saya

"Albarka," in ji Gwadabe, ya ƙara gatsar goronsa.

Tun hantsi yake faɗin haka, har Kailani ya daina jin zafin kalmar. Suna zaune a zauren gidan da ake cinikinsa, Mai Unguwa Salmanu a kan buzu, wasu dattawa sun jingina da bango suna gyangyaɗi kafin a raba goron shaida. Kailani baduku ne, mutumin Damagaram. Shekarar da Faransa ta matsa wa mutane da aikin dole ya ɗauko basillarsa da matarsa Ummuhani suka yo kudu, har Allah ya sauke su Zariya. Cikin birni kuwa ba a buɗe wa baƙo ƙofa sai an san kakansa, saboda haka aka nuna musu Tudun Wada inda ake tara irinsu, Gwadabe ya ba su ɗakin ciyawa a ƙuryar gidansa.

Yanzu Gwadabe Kano zai koma. Tun da jirgin ƙasa ya isa can, ko gaisuwa ka yi masa sai ya kawo maka zancen gyaɗa.

Gidan dai, in za a faɗi gaskiya, bai kai a ɓata masa hantsi ba. Zauren yana yoyo, gara ta ci rabin azara, ruwan rijiyar kuwa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha. Ga gidaje can wajen Tudun Jukun, masu kyau da sauƙi, amma Badamagare ya kafe sai wannan. Matan unguwa suka samu abin taunawa. Wasu suka ce tulun azurfa ya gano a binne. Matar mahaucin da ke makwabtaka ta rantse aljanar rijiyar ce ta aure shi, ita da kunnenta ta ji suna hira.

Ba azurfa, ba aljana. Daminar da ta wuce ce zazzaɓi ya ɗauke wa Kailani da Ummuhani ɗansu, bai ko fara rarrafe ba. Gwadabe ya tafi fatauci a lokacin. Yayarsa Gwaggo Kulu, tsohuwar da ke riƙe masa gida, ita ta wanke yaron, Kailani ya haƙa masa kabari da hannunsa a bayan ɗakinsu, jikin danga, yadda ake yi wa jarirai. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Kailani aka sa masa. To kun san kunyar ɗan fari. Yana raye ma uwarsa ba ta ɗauke shi a gaban mutane, ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, in ya yi kuka sai Gwaggo Kulu ta zo tana zaginsu ta goya shi. Da ya rasu, ba wanda ya ga hawayensu, aka yi ta yaba musu, wai mutanen arewa akwai dauriya. Tsakaninsu su biyu ma ba su taɓa tada zancen ba.

Ranar da aka ji Gwadabe zai sayar, Ummuhani ta cire mundayenta, ta haɗa da tasoshin aurenta da ta ɗauko a ka tun daga Damagaram, ta ajiye a gaban mijinta.

"An ce zai sayar," ta ce, tana kallon ƙasa.

"Na ji," ya ce.

Iyakar shawarar da suka yi ke nan.

A zaure, Kailani ya sake ƙara kuɗi. Gwadabe ya dubi rufi, ya dubi Mai Unguwa, ya ga lallai ya tatse saniyar ba sauran ɗigo.

"Kafin a sallama," in ji Mai Unguwa, "kai baƙo ne, bari in gaya maka yadda ake yi a nan. Abin da ka ambata da bakinka shi ka saya. Bara wani Babarbare ya sayi gida bai ambaci ƙyaure ba, mai gidan ya ciccire ya ɗora wa jaki. Har yau da tabarma yake rufe zaure."

Dattawa suka farka suka yi dariya.

Sai Kailani ya shiga ambato. Ya ambaci zaure da ƙyaurensa, ɗakuna da azararsu, rijiya da gugarta, rumbu, murhu, har zogalen da ke tsakar gida. Kowanne Gwadabe ya ce, "Da shi." Da Kailani ya zo kan ɗakin ciyawa sai harshensa ya yi nauyi. Ya ce, "Da ɗakin da muke ciki." Ya tsaya nan. A garinsu duk abin da danga ta kewaye gida ne, me zai sa ya tona cikinsa a gaban dattawa?

"Na sallama," in ji Gwadabe.

Aka shafa fatiha, aka miƙa abin da za a miƙa a gaban shaidu, goro ya zagaya.

"Saura iyaka," in ji Mai Unguwa yana miƙewa. "Ka yi sa'a, mai igiyar Nasara yana unguwa yau, sai a yi gaba ɗaya."

Aka yi gyaran murya mata suka shige ɗaka, maza suka ratsa gida. Mai igiya wani dogo ne da gajeren wando, yana tafe da damin turaku a kafaɗa, ba ya gaida kowa sosai. Shi ke bin unguwa yana miƙe hanyoyi, don Nasara ba ya son lungu, ya fi son ya tsaya a wannan bakin ya hango wancan. Mai igiyar ya fita waje ya ɗaura igiyarsa a turken makwabta, ya zuro ta ta cikin danga, ya ja. Igiyar ta shafi bangon ɗakin ciyawa ta wuce. Duk abin da ke bayan ɗakin ya koma wancan gefe.

Kailani ya dubi igiyar ya dubi Gwadabe. "Wannan fa?"

"Hanya ce," in ji Gwadabe, ko kunya babu. "Dama ni na ɗan tura dangar waje, don awaki su samu wurin kwana."

"Ai na saya."

"Ka sayi gini, Malam Kailani," in ji Mai Unguwa a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. "Ƙasa ba a sayar da ita. Ƙasa ta Sarki ce, Sarki kuma yanzu da mai duba bayansa. Ni ma nawa gidan aron wuri nake. Ina ce ku ma can haka ne?"

Kailani yana kallon ɗan wurin, ba tudu ba alama, damina ta riga ta baje shi, sai 'yar ciyawa da ta fi ta kewaye kore.

Mai igiya ya sauke turke ya ɗauki guduma, sannan ya yi tambayar da yake yi a kowane gida, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Akwai rijiya a nan ko kushewa? In akwai a faɗa yanzu, a karkata. In turke ya shiga, Bature ya zo ya gani, shi ke nan."

"Mun karkata wa masallacin Nufawa," in ji Mai Unguwa. "Akwai wani abu, Malam Kailani? Kai ke kwana nan."

Duk suka juyo suna kallonsa: dattawa da jan goro a baki, Gwadabe yana sakace, mai igiya da gudumarsa a sama. Bango ɗaya ne tsakaninsa da Ummuhani, ya san tana ji. Magana ce gajeriya, ɗana yana nan. Tun da Kailani ya zo duniya bai taɓa jin namiji mai mutunci ya tsaya gaban manya ya ce ɗana a kan ɗan fari ba. Ubansa bai taɓa ce masa ba har ya mutu. Ya buɗe baki.

"Babu komai," ya ce.

Guduma ta sauka.

Gwaggo Kulu ba ta nan, ta tafi sallama da dangi a Hanwa. Da la'asar ta dawo, tun daga bakin hanya matar mahauci ta tare ta da labari, ta shigo gida zane a hannu. Ta tarar da Kailani zaune bakin rijiya, wai yana gyaran guga.

"Kai Badamagare, bakinka ciwo yake yi?"

"Sannu da dawowa, Gwaggo."

"Riƙe sannunka. An ce ka ambaci murhu. Murhu, duwatsu uku! Ka ambaci zogale. Zogale ne ya kwana yana kuka a bayana?"

Ya ci gaba da murɗa igiyar guga.

"Mu ma mun yi kunyar nan, har na fi uwarka iyawa. Nawa na fari sai da ya yi gemu ban kira sunansa ba. Amma kunya ta mai rai ce, ɗan nan. Wanda ke ƙasa wa zai ji kunyarsa?" Muryarta ta karye, ta fyace hanci da gefen zane, ta juya. "Bari in je wajen Salmanu, na san shi tun yana yawo ba wando."

Ba ta daɗe ba ta dawo, tafiyarta ma ta isa amsa. Ta ce Mai Unguwa ya yi salati, ya ce wallahi bai sani ba. Amma mai igiya ya wuce, Bature ya bi layin a kan doki da azahar. Kuma uban da kansa ya ce babu komai a gaban shaidu, shi yanzu ya je ya ce wa Nasara me, baƙonsa maƙaryaci ne? Baƙon da ya gudo daga hannun Faransa, gara kada a san da shi a bariki.

Ummuhani ta kawo wa Kailani tuwo ta ajiye, ta durƙusa ta ce, "Allah ya sa albarka a gida." Ya ce amin. Ya so ta zage shi ko da da ido ne, ba ta ko dube shi ba.

Kashegari Gwadabe ya ɗaure kayansa, Gwaggo Kulu ta bi shi tasha tana waiwaye, ko sallama ba ta yi wa Kailani ba. Dogarin unguwa ya zo ya tsaya aka tuge dangar aka mayar da ita jikin ɗaki. Kafin rana ta take, masu jakuna sun gano sabuwar hanya ta fi kusa zuwa kasuwa.

Kailani ya tafi gidan Mai Unguwa ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce alfarma yake nema, ya kafa 'yar rumfa a gefen sabuwar hanya, jikin dangarsa, ya riƙa ɗinki.

"Kana da zaure," in ji Mai Unguwa. Sai kuma ya kawar da kai. "Kafa. Rumfa ba gini ba ce. In sun ce a cire, ka cire, in sun wuce ka mayar."

Matan unguwa suka sake samun na taunawa: ga wanda ya sayar da tasoshin matarsa ya sayi gida, ya kuma fito zai zauna a bayansa cikin kashin jaki.

Ya kawo itace da zana, ya tsaya a waje yana duban wurin. Da aka ɗauke danga komai ya sauya masa, kofato ya tattake 'yar ciyawar, ƙasa duk ta zama iri ɗaya. Ya auna da ido daga bangon ɗaki, ya zaɓi inda zai kafa dirkar farko, ya durƙusa ya ɗaga dagi.

"Malam."

Daga cikin danga muryar ta fito, ƙasa-ƙasa. Ta tsakanin karan yana iya hango gefen zanenta.

"Ɗan matsa gabas kaɗan," in ji Ummuhani. "Nan ƙafafunsa ne."

Kailani ya sauke dagin a hankali. Ya ja gwiwa ya matsa.

"Nan?"

"Nan."

Ya fara haƙa, ita kuma ba ta bar jikin dangar ba.