Kunnen Injiniya

Lasifikar hagu ta tsala wata siririyar ƙara mai huda ƙwaƙwalwa, kowa a zauren ya toshe kunne. Dogo mai ganga ya yar da sandunansa. Matar da ke jera kujeru ta saki wadda ke hannunta. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, shi ne Injiniya, wanda ke durƙushe a bayan miksa, na'urar daidaita sauti, yana warware waya, hankalinsa kwance kamar yana tsakar gidansa.

Sai da ya ɗago ya ga fuskoki a yamutse sannan ya kai hannu ya ja maɓalli ƙasa.

"Gwaji nake yi," in ji shi.

Kowa ya koma bakin aikinsa. Injiniya ne fa. Rabin makaɗan garin a hannunsa suka fara jin muryarsu ta fito a lasifika, in ya ce gwaji ne, to gwaji ne. Amma ƙanwarsa, wadda ita ce mawaƙiyar ƙungiyar, ta ajiye makirfo ta sauko daga dandamali. Ta zagaya ta tsaya a hagunsa, ta ce a hankali, "Yaya."

Bai juyo ba. Ta ƙara kira, ya ci gaba da naɗe wayarsa. Sai ta dawo gabansa ta tsuguna.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe ka daina ji da wannan kunnen?"

Ya dubi bakinta, kamar yadda ya saba duban bakin kowa yanzu. Ya ga ba wurin tsira. Ya gaya mata tun bara likita ya ce na hagun ya tafi, na daman kuma yana kama sauti mai kauri, siriri ne ke kuɓuce masa. Da ido yake aiki: fitilun miksa, da fuskokin 'yan kallo.

"Ai ina iyawa," ya ce. "Wa ya taɓa kawo ƙara?"

"Wa zai iya gaya maka? Kunyarka suke ji." Ta waiga wajen dandamali. "Yaya, yau matar nan mai zaɓar masu wasa a babban ɗakin taro za ta zo. Ba don ni ba, dubi Dogo. Furfura ta fito masa yana jiran rana irin ta yau. In ƙarar nan ta tashi ana tsakiyar waƙa fa?"

"To me kike so in yi?"

"Kira Mai Tabarau."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Shagon Mai Tabarau yana kallon nasa, sana'arsu ɗaya, kuma babu mai hayar lasifika a layin da bai taɓa jin Injiniya yana cewa kunnen mutumin na katako ba ne. Gaisuwa ma da kai suke yinta.

Ya fita waje, ya tsaya kusa da janareta. Ya daɗe yana juya wayar salularsa a hannu kafin ya kara ta a kunnen dama.

"Ni ne."

"Na gani. Lafiya?"

"So nake ka zo ka riƙe mini miksa da yamman nan."

Aka yi shiru, har ya zaci shi ne bai ji amsar ba.

"Ni mai kunnen katako?"

"Kai ɗin."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Ka taho da makirfon nan naka mai kyau," in ji Injiniya, ya kashe.

Mai Tabarau ya iso da jakarsa a kafaɗa, bai yi wata tambaya ba. Ya zauna a kujerar Injiniya, ya sa aka buga masa ganga, aka taɓa fiyano, mawaƙiya ta ja baiti ɗaya. Sai ya sunkuya yana duban maɓallan. Duk masu ƙara siririn sauti suna can sama, domin wata da watanni Injiniya yana ɗaga su kaɗan-kaɗan, yana neman abin da ya ɓace masa. Mai Tabarau ya dube shi ta saman gilashi. Sannan ya shiga sauko da su ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Ya matsar da kujera, ya mayar da ita.

"Kai, zo nan, ka ishe mu da zirga-zirga kamar kaza mai neman wurin ƙwai," in ji Dogo. "Kafin miksa ta aure ka, ba jitar bes, mai kaurin sautin nan, kake kaɗawa ba? Tana mota, ƙura kawai take sha."

"Yatsun sun manta."

"Su tuna. Ni ma na gaji da ɗaukar nauyin kiɗan nan ni kaɗai."

Da zauren ya cika, Injiniya yana kan dandamali a gefen ganga, ya tuɓe takalmansa. Dogo ya buga, katakon ya girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, kiɗan ya hau ta ƙwaurinsa har ƙirji. Ya bi shi. A waƙar farko ya yi tuntuɓe, Dogo ya rufa masa asiri da ganga. Daga ta biyu yatsun suka kama hanya. Muryar ƙanwarsa tana zuwar masa kamar daga wani ɗaki, amma yana ganin jijiyar wuyanta, yana ganin mutanen layin baya sun miƙe tsaye. Can ƙarshen zaure Mai Tabarau ya karkata kai, hannunsa yana yawo a kan miksar da babu wanda ya taɓa taɓawa sai mai ita.

Aka tashi rana ba ta faɗi ba. Injiniya yana zaune a bakin dandamali yana hura yatsunsa da suka yi ƙuna, sai ga matar babban ɗakin taro ta nufo shi, ƙanwarsa na biye da ita fuska cike da fara'a.

"Kai ne Injiniyan da ake faɗa?" in ji matar. "Na sha zuwa wasanku, amma ban taɓa jin sautinku ya fita tas kamar na yau ba. Wata mai zuwa ina son ku a wurina, kuma haka nake so ya fita."

Injiniya ya hangi Mai Tabarau yana zura makirfonsa a jaka, zai fice ta ƙofar gefe.

"Na gode," ya ce wa matar. Ya miƙe, ya bi bayan mutumin da sauri, ko takalmi bai tsaya sawa ba.