Lambar da Rana Ta Bari a Ƙofar Hiyas

Shekara tara ke nan rabona da ƙanena Tahiru, kuma bakina ne ya kore shi. Kowa a garejinmu na Zango ya san haka, shi ya sa ba mai ambaton sunansa a gabana. Ya hau motar Agadas ran wata Laraba, daga nan shiru. Wasu su ce yana Libiya, wasu su ce wajen haƙar zinariya. Inna ta daina tambayata, sai dai in na shiga gaishe ta ta dube ni, sannan ta dubi ƙofar da ke bayana. Ni kuwa kewarsa ta zame mini ciwo. So nake in ji muryarsa, ko da zagina zai yi.

Ran nan da hantsi Alhaji Kolo, mai jigilar mutane tsakanin Damagaram da Dogo, ya kawo wata farar mota ƙirar Hiyas da ya sayo a Agadas, tana tafe tana aman baƙin hayaƙi.

"Mai Nasara, aiki biyu ne," in ji shi. "Rubutun nan duk a cire mini, ko harafi ɗaya ban so. Sannan ka duba moter ɗin, injin nan man gazuwal yake sha kamar ba gobe."

Rubutun leda ne, irin wanda ake yankawa harafi-harafi a liƙa, sunan wani gidan burodi a kowane gefe. Cire shi ba aikin mai gaggawa ba ne. Mai gaggawa reza yake sawa ya kwashe har fenti, sannan ya ce motar ce ta tsufa. Ni rana nake bar wa rabin aikin. Na ajiye motar a fili har ƙarfen ya ƙi taɓuwa, ledar ta yi laushi, na riƙa ɗaga kusurwa da farce ina ja a hankali. Danƙon da ya saura, tsumma da gazuwal suka tafi da shi. A ƙofar baya, can ƙasa, akwai wani ɗan rubutu da lambar salula, irin tallar da masu gareji ke manna wa motar da suka gyara. Ko karantawa ban yi ba. Na ɓare, na dunƙule da sauran, na jefa cikin durom ɗin da muke ƙona shara.

Bayan azahar na ɗaga kujerar gaba na leƙa injin. A jikin famfon mai akwai wata ƙusa da ke buɗe wa gazuwal hanya, in an gama saita ta sai a ɗaure da siririyar wayar ƙarfe don kada ta motsa. Ina kai hannu sai na tsaya. An murɗa wayar ta hagu, an lanƙwasa bakinta sau biyu. Lanƙwasar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, mu biyu kaɗai ya koya wa. Ni ta dama nake murɗawa. Tahiru bahago ne.

Wayar ko tsatsa ba ta fara ba. Ƙusar kuma a buɗe take fiye da kima, halinsa sak. A kan wannan ne muka ɓata: ya buɗe wa motar wani Alhaji mai da yawa ta riƙa hayaƙi, ni kuma a gaban mutane na ce masa har ya mutu ba zai zama makaniki ba.

Da gudu na isa durom ɗin, ko zan tarar da lambar salular nan da na ɓare. Toka ce kawai. Na kira Alhaji Kolo.

"Wallahi hannu na uku na saye ta," in ji shi. "An dai ce daga Dirku ta fito, can cikin hamada. Lafiya?"

Na koma bayan motar na durƙusa ina zagin kaina. A nan na ga abin da kullum nake gogewa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Rana ta dafa fentin motar ya koma ruwan ɗorawa, amma inda leda ta rufe yana nan fari tas. Sauran wuraren na riga na goge su da man fenti, ƙofar baya ce ban kai gare ta ba. Na watsa ruwa, na karkata kai ta gefe. Lambobi bakwai suka fito sarai. Ta ƙarshe ko uku ce ko takwas.

Na rubuta a tafin hannuna, amma tsoro ya hana ni kira. Sai na koma kan aiki. Na yanke wayarsa, na mai da ƙusar kaɗan-kaɗan ina sauraro har hayaƙin ya washe, injin ya koma bugawa a natse. Da na ga ba sauran abin fakewa, na ɗauki salula. Mai uku ba ta shiga ba. Mai takwas ta yi ƙara sau huɗu.

"Alo?"

Muryar ta yi kauri, amma ta Tahiru ce.

"Alo, wa ke magana?"

Da na rasa abin yi, sai na kai salular kusa da injin na taka totur sau biyu, na saki. Na mai da ita kunne.

"Hiyas ɗin mai burodi ce wannan," ya ce a hankali. "Wa ya taɓa mini famfo?" Sai ya ƙara da cewa, "Hannu ɗaya na sani mai shaƙe mota haka. Yaya?"

"Na'am."

"Ka rufe shi da yawa. Ba za ta hau tudun yashi ba."

Tsohon halina ya taso, har na buɗe baki in ce Dogo za ta, ba Dirku ba. Sai na ji hawaye na sauko mini cikin gemu.

"To, zo ka gyara," na ce.

Na ji yana jan hanci a can.

"Kar ka ba mai ita tukuna," in ji shi.