Bandar Iya Kellu a Majigi

Jumare ma'aikacin majigi ne a Nguru, amma ya gaji da yawo ƙauye-ƙauye yana nuna wa mutane fim ɗin gwamnati na yadda ake tona masai. So yake ya haɗa fim nasa na kansa. A 1971 ofis ya ara masa na'urar ɗaukar hoto, ya tafi Gashuwa, ya zaɓi Iya Kellu mai bandar kifi a bakin kogi.

Da fari ta ƙi. "Ni a jikin bango, ɗan nan? Da tsufana?" Ya dafa ƙirji ya ce mata duk wanda ya gani sai ya ƙara ganin girmanta. Ta yarda.

Ya ɗauki hannayenta suna naɗe tarwaɗa, ya ɗauki hayaƙi, ya ɗauki yadda take juya kifi ba ta ko dubawa. Fim ɗin ba murya. Shi Jumare a ganinsa hoto ba ya bukatar baki, in ka iya ɗauka shi zai faɗi abin da ke cikinsa.

To, amma majigi ba ya tafiya sai da mai sharhi, kuma mai sharhin Babayo ne, mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya nemi abin ba da dariya. Da aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwar Gashuwa bayan magariba, Iya Kellu na zaune a gaba da sabon zane, sai Babayo ya kama lasifika.

"Jama'a, ku dubi ƙazanta! Ku dubi farcen nan! Haka ake sayar muku da ciwon ciki!"

Kai! Fili ya kaure da shewa. Farcen da hayaƙin shekara da shekaru ya rina shi ne ƙazanta? Jumare ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya tsallake mutane ya fizge wayar lasifikar.

"Malam Babayo, wa ya aike ka?"

"Aikina ke nan, Malam Jumare. Ofis wayar da kai ya ce, ba kallon hayaƙi ba."

Wayar da kan wa, don Allah? Mutumin da bai taɓa feɗe kifi ba! Kafin Jumare ya waiga, tabarmar Iya Kellu ba kowa.

Da safe ya je bakin kogi, kunya kamar ta kashe shi. Murhunta a mace, tana zaune da maƙwabciyarta. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini, wallahi ba haka na shirya ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya ga maƙwabciyar ta ci gaba da hira da Barbarci, kuma ta san sarai ba ya ji.