Biyu ga Rajab

Fatna na cikin wanke shinkafa roba ta uku sai Ɗan'inna mai baƙala, kantin unguwa, ya buga ƙofar gidan.

"Maman Raliya, waya. Maigidanki ne. Ki yi sauri, layin waje ne."

Ta tsame hannu, ta goge a zani, ta jawo abaya. Layin waje kuma? Mutumin da ya kamata a ce yanzu ya wuce Tabuka. Yau Alhamis, bayan isha'i za a ɗaura auren 'yarsu Raliya da Abdulsalam ɗan Alhaji Lurwanu. An yanka raguna biyu tun asuba. An aro tukwane daga gida uku a unguwarsu ta Aƙiƙ, nan Madina. An gaya wa ma'azun, malamin da ke riƙe da littafin aure na hukuma. Abin da ya rage kawai uban yarinya ya zauna gabansa da iƙama, katin zaman baƙo, a hannu, ya ce ya bayar.

Wayar na kan firjin lemo. Ta ɗauka.

"Fatna, kina ji na? Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa."

"Kana ina, Baban Raliya?"

"Kan iyaka. Ɓangaren Urdun."

"To ka tsallako mana."

"Sun ce tashirata ta mutu. Jiya."

Mijinta Ashafa direban babbar mota ne. Dabinon Badr yake kai wa Urdun, ya dawo da tumatir daga garin Zarƙa. Kowace tafiya kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a hukuma, ke yi masa tashira, wato bizar fita da dawowa, a buga ranar ƙarshe da watan Musulunci. Ta wannan karon an rubuta ɗaya ga Rajab.

"Ni a lissafina yau ce ɗaya ga wata," in ji shi. "A Zarƙa liman da bakinsa ya ce jiya talatin ga Jimada."

Fatna ta ɗaga kai ta dubi kalandar bangon baƙala. Ba ta yi boko ba, amma ta san lambar biyu in ta gan ta. A nan Jimada kwana ashirin da tara ta yi.

"Limamin Zarƙa ne ya buga maka hatimi? Tsaya ma. Ka ce mini ran Litinin ka gama lodi. Me ka zauna yi Talata da Laraba?"

Can ya ce, "Ya zo ne, Fatna."

Ba ta tambayi wa ya zo ba. Wani mawaƙi ne na can wajensu, kusa da Mai Wurno a Sudan, mai haɗa Larabci da Hausa a waƙa ɗaya. A Madina ba a irin wannan taro, don haka duk lokacin da mutumin ya sauka filin wasa na Zarƙa, Ashafa sai ya san yadda ya yi lodinsa ya faɗo ranar. Wannan ne karo na uku. Yakan dawo ya cika mata kunne: kujerun siminti, fitilu kamar rana, direbobi da magina 'yan Sudan cikin fararen jallabiya suna ɗaga sanda sama, wani tsoho na kuka a gefensa. Ita kuwa tana tsintar wake tana cewa Allah Ya shirya.

"Na ce in na taso da an tashi, asuba ina iyaka, magariba ina gida. Wallahi da na iso."

"Da ka iso. Yanzu fa?"

"Na samu kafil a waya. Zai aika takarda ofishin jakadanci a Amman. Kwana huɗu, ko biyar."

"Ka sake kira da la'asar," ta ce, ta ajiye.

Ɗan'inna ya yi kamar yana jera gwangwanin madara, alhali kowace kalma ta shiga kunnensa.

"Ki ce musu mota ce ta lalace. Wane direba ne mota ba ta taɓa kwantar da shi a hanya ba?"

"In yi ƙarya a garin Manzo, ranar auren 'yata?"

"To ki ce takarda ce ta riƙe shi. Ai gaskiya ce."

"Su ce me ya hana shi tasowa Litinin. In ce me?"

Ɗan'inna ya koma kan madararsa.

A gida Raliya na zaune da lalle a hannu da ƙafa, an ɗaure mata da leda. Fatna ta gaya mata a tsaye, ba ta rage komai ba. Yarinyar ta fara kuka, tana magana da Larabci kamar yadda ta saba, uwar na amsawa da Hausa.

"Yumma, kawu Sabo ba zai iya tsayawa ba?"

"Sabo ƙanena ne, ba ƙanen ubanki ba. Ko da na ubanki ne, ma'azun takardar wakilci zai nema mai hatimi."

"To ki ce ba shi da lafiya. Kin san Hajiya Indo."

Ta san ta kuwa. Hajiya Indo uwar ango ce, ita ke koyar da mata karatu bayan la'asar, kuma ita ce ta kori masu ganga daga bikin 'yar maƙwabcinta, bikin da ba ma nata ba. Su 'yan ƙasa ne, kakanninsu suka zo. Su Fatna kuwa iƙama ce, duk bayan lokaci a sabunta. Wata takwas Alhaji Lurwanu ya yi yana zirga-zirga kafin a ba ɗansa izinin auren baƙuwa, kuma tun farko danginsu ba kowa ya so ba. Yanzu a je a ce musu uban amarya ya tsaya kallon mawaƙi.

"Rabin direbobin unguwar nan suna filin jiya," in ji Fatna. "In ban faɗa yau ba, za ta ji ran Asabar a bakin wata. Ki daina taɓa fuska, za ki shafa lalle a ido."

Ta rage wutar tukunyar nama, ta ce wa matan da suka zo aiki su tsaya da shinkafa tukuna. Ba ta yi musu bayani ba. Ta fita cikin rana, ta tari tasi zuwa gidan Alhaji Lurwanu a hanyar Bi'ir Ali. Motocin masu Umra sun cika titi, direban na ta hon, ita kuwa tana ta istigfari tana haɗa maganar da za ta yi. Duk yadda ta haɗa, ba ta daɗi.

Ta samu Hajiya Indo a falo, tana ƙirga kofunan gahawa a kan tire. Suka gaisa, aka tambayi amarya, aka tambayi gajiya. Aka zuba mata gahawa. Ba ta sha ba.

"Hajiya, Baban Raliya ba zai iso yau ba. Yana kan iyaka, tashirarsa ta mutu da kwana ɗaya. Ya bi lissafin watan Urdun."

"Subhanallahi. Shekara nawa yana wannan hanya?"

"Sha ɗaya."

"To me ya kai shi har ranar ƙarshe, mai aurar da 'ya?"

Fatna ta dubi kofin. "Waƙa ya tsaya ji. Wani mawaƙin wajenmu ya yi taro a Zarƙa jiya. Ya gama lodi tun Litinin, ya zauna jiransa. Ba ciwo, ba lalacewar mota. Ban zo in gyara masa ba, Hajiya. Abin da na zo roƙo, kada a ɗora wa yarinya."

Hajiya Indo ta ajiye kofin da ke hannunta. Fanka na juyawa, a waje wani na sauke kujeru daga mota, kujerun da za a zauna yau.

"An gaya mini tun da hantsi," ta ce. "Mijin Lami maƙwabciyata, direba ne, shi ma yana filin jiya, ya tsallako da asuba, ya gan shi a tsaye gefen motarsa, ya bugo waya. Ina zaune ina jira in ji da wace za ki zo."

Fatna ta sunkuyar da kai.

"Da kin ce mini mota, da kujerun nan sun koma inda aka ɗauko su." Hajiya Indo ta gyara mayafi. "Zan yi wa Alhaji magana. Zai yi faɗa, ya yi ya gama. A ɗaga zuwa Alhamis mai zuwa. Naman kuma kada ya lalace, ki dafa a kai wa baƙi a bakin Harami."

"Allah Ya saka da alheri, Hajiya."

"Amma ki gaya masa, in ya zo, ni zai fara gani kafin ma'azun."

Fatna ta miƙe. Har ta sa takalmi ɗaya, Hajiya Indo ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta na kan tire.

"Mawaƙin nan. Shi ne mai waƙar mutanen da suka taho Hajji a ƙasa, suka binne 'ya'yansu a hanya?"

"Shi ne."

"Kakata ta bar biyu a Sudan, tsakanin Fashir da Kosti. Na taɓa jin rabinta a motar haya, direban ya sauke ni kafin ta ƙare." Ta ɗauki kofi ta goge, alhali a goge yake. "Ba kiɗan nake so ba. Maganar ce."

"Na gane, Hajiya."

Da ta koma gida ta sa aka ɗora shinkafa. Ta gaya wa Raliya Alhamis mai zuwa, lalle kuma sai a sake. Ta aika wa ma'azun. Ta bi gida uku ta roƙi a bar mata tukwane mako guda, kowace sai da ta tambayi dalili, kowace ta faɗa mata, har bakinta ya gaji da kalmar Zarƙa.

Ana idar da la'asar Ɗan'inna ya sake buga ƙofa.

"Fatna, me suka ce?" Muryar Ashafa ta dushe.

"Alhamis mai zuwa. Tara ga Rajab. Ta kalandar nan, ba ta limaminka ba. Ka rubuta a tafin hannu."

"Alhamdulillahi. Wallahi tun safe ban ci komai ba."

"Ga tumatir mota guda. Raguna biyu kuma, sabbi, kai za ka nemo. Hajiya Indo na son ganinka kafin kowa."

"Ta sani?"

"Har ta riga ni. Ka sayi kaset a wurin?"

"Na saya," ya ce a hankali. "A bakin ƙofa suke sayarwa, na jiya ne ma, aka ɗauka a filin. Da ƙyar na samu."

"Akwai ta masu tafiya a ƙasa a ciki?"

"Ita ya rufe da ita. Fatna, da kin ga yadda filin ya yi tsit..."

"Ka naɗe shi a takarda mai kyau. Na Hajiya Indo ne."

"Guda ɗaya ne fa. Ko ni ban saurara ba tukuna."

"Na sani," ta ce.

Ta ajiye wayar, ta ce wa Ɗan'inna ya ba ta manyan ledoji na zuba abinci, ta koma wajen tukwanenta.