Zabuwar Batulu

Telegiram ya iske Iliyasu a kwata da hantsi: Inna ta rasu, matarsa Batulu na tafe a jirgin ƙasa ranar Laraba. Ya ajiye wuƙa, ya yi salati, ya yi wa surukarsa addu'a. Sai kuma ya tuna da abin da matar ta bar masa a kan taga.

Zabuwa ce, shukar nan mai kaurin ganye da ɗigo-ɗigon fari. Inna ce ta ciro ta daga gindin rumbunta ta ba Batulu ranar da za su taho Ikko, shekara shida ke nan. Batulu ta huda tsohuwar langa da ƙusa, ta dasa ta cikin yashi, ta ɗora a tagar ɗakinsu na haya a Agege. Ranar da za ta tafi jinyar Inna magana ɗaya ta yi masa: "Malam, kada ka ba ta ruwa. Ka ƙyale ta kawai."

Ina fa! Shekarar fari ce. Kullum rediyo na cewa rijiyoyi sun ƙafe a Arewa, shi kuma da idonsa yana ganin shanun da ake saukewa a kwata, daga ƙashi sai fata. In ya dawo ya ga 'yar shukar garinsu cikin busasshen yashi, sai tausayi ya kama shi, ya tsiyaya mata ragowar ruwan alwala. Safe da yamma, bawan Allah, bai taɓa fashi ba. Ranar da aka yi ruwan Ikko mai kwana biyu har bakin indararo ya kai ta, wai ita kam ta sha ta ƙoshi.

Ya shigo ɗaki da sauri. Ganyen sun yi rawaya, sun langaɓe. Ya taɓa ɗaya, ya biyo hannunsa, wani wari ya taso. Laraba kuwa jibi ce.

Ya ɗauki langar ya leƙa ɗakin maƙwabcinsa Amadou, mutumin Maraɗi mai sana'ar fatu. "Zan je wajen Yarbawa masu ganyen magani in sayo wata."

"Shekara shida tana kallonta, ka ce ba za ta gane ba?" in ji Amadou. Ya shinshina langar ya yamutsa fuska. "Kai ba mahauci ba ne? In nama ya fara ɓaci me kake yi? Yanke ruɓin, abin da ya rage ka shanya a inuwa kamar fata."

Iliyasu ya wasa wuƙa. Mutumin da ke feɗe sa uku kafin azahar, ga shi yau yana lallaɓa ganye. Ya yanka, ciki baƙi. Ya ƙara yankawa, baƙi. Haka ya yi ta bi har uwar ta ƙare. A gefen saiwa ya tarar da wani ɗan tsiro da bai wuce babban yatsa ba, cikinsa fari tas. Ya ɗora shi a faifai ya tura saman kabad.

Ranar Laraba ya taro ta a tashar Agege. Ta rame, idonta a bushe. Har suka iso gida ba abin da ya haɗa su sai gaisuwar ta'aziyya. Tana shiga, ko mayafi ba ta cire ba, ta dubi taga. Langa ce kawai.

"Ni ne," in ji shi. "Ruwa na ba ta."

Ta leƙa cikin langar. "Ta gida ma babu, Malam. Yunwa ta sa awaki sun cinye ta har saiwa, duk ɗacinta."

Kunya ta rufe shi. Ya sauko da faifan ya miƙa mata. Ta ɗauki tsiron, ta juya shi, ta danna gindinsa da farce. Da ƙarfinsa. Sai ta kwance wani ƙulli a bakin mayafinta: yashi ne ta ɗebo daga gindin rumbun Inna. Ta juye a langa, ta kafa tsiron a tsakiya, ta daddanna da yatsa.

Shi kuwa gogan naka, bai ma san hannunsa ya kai kan buta ba. Caraf ta riƙe masa wuyan hannu.

"Sai bayan mako biyu," ta ce.

Ba ta sake shi ba. Sai a lokacin kukan ya zo mata.